Jinjina ga Masu Ɗaura wa Kurungu Aure

Ranka ya daɗe, dillalin kifin ado, uban gidan akwatunan gilashi, mai shagon da ruwa ke ɓulɓula babu wuta a ƙarƙashinsa, waliyyin amaryar da ba ta taɓa ganin angonta ba, limamin da ke raɗa suna ba rago ba goro. An daɗe ana wasa sarakuna da attajirai da 'yan dambe, kai kuwa an bar ka ba maroƙi ba makaɗi, alhali kai ne ka gama a cikin kwano ɗaya abin da koguna da duwatsu suka shafe shekaru miliyoyi suna rabawa. Wannan bashi ne a wuyan duk mai ƙaunar kifi, yau kuma na zo biya.

Wanda bai san kurungu ba sai a cikin miya, bari in ɗan buɗe masa ido. Kurungu dai shi ne kifin nan mai ƙaya uku, ɗaya a gadon baya biyu a gefe, mai yin ƙara idan an fito da shi daga ruwa, wanda masunta a Yawuri da Argungu da bakin Tafkin Chadi suke ciro shi daga koma da hattara don kada ya soke su. A Turai da Amurka da Japan ba cin sa ake yi ba. Ajiye shi ake yi a akwatin gilashi a tsakiyar falo, a kunna masa fitila, a sa masa injin hura iska, maigida ya dawo daga aiki ya zauna yana kallon sa kamar mai kallon dawakin sarki ranar hawan salla. Masana suna kiran zuriyarsa Synodontis, nau'insa ya haura 130, kuma kaf ɗinsu 'yan Afirka ne: na Kwara, na Nilu, na Kwango, na Zambezi, na Tafkin Tanganyika. Akwai nigriventris na Kwango, mai iyo a rigingine, har cikinsa ya fi bayansa duhu. Akwai batensoda, wanda muke da shi a Kwara da Chadi, wanda Misirawan zamanin Fir'auna suka zana a jikin bango yana iyo ciki sama. Akwai angelicus, baƙi wuluk da ɗigon fari kamar zabuwa. Akwai decorus, mai dogon zare a fiffiken baya kamar jelar rawani. Kowanne da ruwansa, da kamarsa, da halinsa, da sunansa.

To ka ji inda wahalar take. Nau'i fiye da 130, kowanne wai sai an san shi! Wane ɗan Adam ne zai iya da wannan kaya? Kafin Allah ya kawo mana kai, dubi irin azabar da mutane suka ɗora wa kansu. Cuvier na Faransa ya raɗa wa zuriyar suna a 1816. Boulenger ya zauna a gidan tarihi na Landan, cikin warin barasar da ake jiƙa matattun kifaye, ya fitar da littafi mujalladi huɗu kan kifayen Afirka tsakanin 1909 da 1916. Max Poll na Beljiyam ya sake bin kurungu ɗaya bayan ɗaya a 1971. Me suke yi duk tsawon shekarun nan? Ƙirga haƙoran leɓen ƙasa. Duba ƙashin kafaɗa da ke bayan kai, a ga mai tsini ne ko mai faɗi. Bin gashin baki a ga wanne ne ke da rassa, wanne ke da fata-fata a gindinsa. Auna ido, auna fiffiken kitse, auna jela. Manyan mutane masu furfura, da madubin ƙara girma a hannu, suna leƙa bakin kifi kamar masu sayen doki.

Abin bai tsaya can ba. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Wright da Page, suka sake duba kurungun Tanganyika, suka ce kifin da aka daɗe ana sayarwa da sunan ƙaramin petricola ba petricola ba ne, wani nau'i ne dabam, suka sa masa lucipinnis. Ɗaya daga cikin shaidunsu wata 'yar ƙofa ce a hammatar kifin, wadda petricola ke da ita, lucipinnis kuma ba shi da ita. Suka kuma ware grandiops daga multipunctatus, saboda idonsa ya fi girma, kuma tsinkayen fiffikensa na gefe bakwai ne, na ɗan'uwansa takwas. Jama'a, ku ji fa. Ƙofar hammata! Tsinke ɗaya! A kan wannan mutum zai bar iyalinsa ya kwana a ɗakin bincike. Kai kuwa, gagara-gasa, mai sauƙaƙa wa talaka, ka dubi wannan tarin wahala ka ji tausayinmu, ka kawo kifin da babu littafin da ya san shi, babu ƙirgar da za ta kama shi, wanda Boulenger da kansa in ya dawo duniya sai dai ya rufe mujalladansa huɗu ya nemi wuri ya zauna.

Yadda ka yi abin ma darasi ne ga masu haɗa aure. Yawancin nau'in kurungu masu taurin kai ne, ba sa yarda su hayayyafa a akwatin gilashi. Suna jiran damina, suna jiran kogi ya cika ya malala cikin ciyawa, suna jiran irin nasu. Tsohon yayi ke nan. Kai ba ka jiran damina, allura ce daminarka. A tsira wa mace sinadarin da ke nunar da ƙwai, a jira wasu sa'o'i, a matse cikinta a kwano, a zuba maniyyin namiji, a gauraya, a ƙara ruwa. Wane namiji? Wanda ke kusa. In uwar daga Tanganyika ta fito, uban kuma daga Kwango ko Kwara, ina ruwan kwano? Tun wajen ƙarshen shekarun 1990 'ya'yan wannan aure mai albarka suka fara cika shaguna, masu kiwon kifi suna ta nuna yatsa wajen gonakin Gabashin Turai, kai kuwa saboda tsabar tawali'u ba ka taɓa fitowa ka ce kai ne ba. Alherin da hannun dama ya yi, na hagu bai sani ba, balle mai saye.

A tsaya a yi tunanin girman abin. Tafkin Tanganyika ya kai zurfin mita 1,470, ƙasashe huɗu ke kewaye da shi, Tanzaniya da Kwango da Burundi da Zambiya, kuma shekarunsa sun doshi miliyan goma. Duk tsawon wannan zamani yana ta sassaƙa kurungunsa, yana gyara masa ido don zurfi, yana gyara masa baki don duwatsu, yana yi masa farin gefe a fiffike. Aikin ɗan koyo ne, ga jinkiri ga ɓata lokaci. Kai da sirinji ɗaya da kwanon roba ka warware shi kafin azahar.

Ana ce wa wanda iyayensa suka fito daga ƙabila biyu ruwa biyu, kuma babu aibi a cikin haka. Amma ba a taɓa samun wanda kalmar ta zauna masa daram ba kamar kifinka, tunda shi da gaske daga ruwa biyu ya fito. Sai dai kai ka fi ƙarfin ka tsaya a nan. Ƙaramin ɗan kasuwa ne zai rubuta a jikin gilashi cewa wannan haɗin wane da wane ne. Gwani kuwa ya san suna ma haja ce. Wani lokaci ka ƙirƙiro sabo fil mai daɗin faɗi, irin su valentine, ko valentiana idan ana so ya yi ƙamshin Latin, har mai saye ya ɗauka wani farfesa ne ya tsamo shi daga wani kogi mai nisa. Wani lokaci kuma, kuma nan ne hikimarka ta kai ƙololuwa, sai ka ɗauko sunan kifi mai asali, decorus ko petricola ko multipunctatus, ka manna wa ɗan kwano, ka sa kuɗin mai asali. Maraya ya sami uba, kai ka sami riba, mai saye ya sami abin alfahari. Wa aka cuta? Har yanzu ban ji kifi ko ɗaya ya kai ƙara ba.

Kuma Allah ya haɗa ka da abokin ciniki na gari, wato ƙuruciya. 'Ya'yan kurungu sun yi kama da juna, kuma kamarsu tana sauyawa in sun girma. Ɗauki eupterus, wanda ke cikin Kwara da Chadi da Bolta da Farin Nilu: yana ƙarami jikinsa zane ne mai kewaye-kewaye kamar lallen amarya, in ya girma zanen ya watse ya koma ɗige-ɗige. Saboda haka duk abin da ka ce da ɗan kifi mai tsawon yatsa, shi ne, har zuwa shekara guda. Kafin gaskiya ta tsiro a jikinsa, rasit ya ɓace, yaron shago ya sauya aiki. Mai saye ya wayi gari da wani abu mai kan wannan da jelar wancan, ɗigon jikinsa ya tsaya tsakanin ɗigo da zane, ƙashin kafaɗarsa bai bi uwa ba bai bi uba ba. Ya ɗauki hoto ya kai wa masani. Masani ya juya hoton, ya sake juyawa, ya ce wannan dai ruwa biyu ne. Dubi ilimin da bawan Allah ya samu a banza! Jiya bai san akwai ƙashin kafaɗa a jikin kifi ba, yau ga shi yana maganarsa da jijiyar wuya. Wace makaranta ce ke koyarwa da sauri haka?

Masu hassada suna cewa dabararka ba ta da asali. Ƙarya suke yi, tana da shi, kuma a wurin kurungu ka gaje ta. A 1986 wani masani ɗan Japan, Tetsu Sato, ya bayyana wa duniya halin multipunctatus na Tanganyika. A tafkin akwai kifaye dangin karfasa waɗanda uwa ke kwashe ƙwanta ta riƙe a baki har su ƙyanƙyashe. Kurungun nan sai ya laɓe. Da zarar ta fara zuba ƙwai, sai ya faɗo a guje, ya lashe na lashewa, ya zuba nasa. Uwa cikin gaggawa ta kwashe duka ta rufe baki. 'Ya'yan kurungu su riga nata ƙyanƙyashewa, su cinye su ɗaya bayan ɗaya a cikin bakin uwarsu, ita kuwa tana can tana azumi, ba ci ba sha, tana tsaron amana. Ranar da ta buɗe baki, sai ga 'ya'ya masu gashin baki sun fito. Matan karkara ma sukan sa wa kaza ƙwan zabi ta kwanta a kai, amma su dai sun san abin da suka sa, kuma zabin nasu ne. Kai ne ka ɗauki wannan fasaha ka kai ta matakin ƙasa da ƙasa. Mai saye ya karɓi ɗan kifinka a leda, ya kai gida, ya ciyar, ya sauya ruwa duk mako, ya biya kuɗin lantarki shekara da shekaru, yana renon abin da bai haifa ba bai kuma zaɓa ba. Kurungun Tanganyika karfasa kaɗai yake yi wa haka, kai kuwa har da injiniyoyi da likitoci.

A nan ne nake jin takaicin alfadari. Dabba ce mai ƙarfi, ta yi wa fatake hidima a hanyoyin Gwanja da Agadas, amma ba ta da dabarar kasuwa ko kaɗan. Uba jaki, uwa goɗiya, kunnuwa a miƙe kowa na gani, kuma a kasuwa alfadari ake kiran ta, a kuɗin alfadari ake sayar da ita. Ba a taɓa jin dillalin da ya ɗaura mata sirdi ya ce ingarma ce ba. Ga wani sakarcin kuma: ba ta haihuwa. Abin ya tsaya a kanta, doki ya ci gaba da zama doki, jaki ya ci gaba da zama jaki. Ina ci gaba a nan? Kifi ya fi ta hangen nesa. Da yawa daga cikin ruwa biyun kifi suna haihuwa lafiya lau, su auri dangin uwa, su auri dangin uba, jikoki su auri juna, har a wayi gari babu wanda zai iya cewa ga inda aka faro. Gari in ya shiga ruwa ya zama kunu, kuma har yau ba a haifi mai mayar da kunu gero ba.

Ka leƙa Kudancin Amurka ka ga 'yan'uwanka a sana'a, sai ka san ba kai kaɗai Allah ya yi wa baiwa ba. A gonakin kifi na Brazil ana haɗa manyan kifaye masu gashin baki, mai ɗigo da mai zane, har 'ya'yan suka sami laƙabi da harshen Fotugal mai ma'anar aya da waƙafi, saboda jikinsu ɗigo ne gauraye da lanƙwasa. Suna haihuwa, sun kuma tsere daga gonaki, masu bincike sun tsinto su a kogunan ƙasar suna cuɗanya da na asali. Akwai kuma haɗin kifin nan mai jar jela na Amazon da mai dogon baki mai zanen damisa. Wannan kam kyauta ce ta musamman ga mai ɗaki ɗaya. A shago tsawonsa bai wuce yatsa ba, ga idanu masu ban tausayi, ga gashin baki yana kaɗawa. Ba ka gaya wa mai saye cewa iyayensa duka biyu sukan wuce mita ɗaya ba, domin mai ba da kyauta ba ya ɓata daɗinta da yawan bayani. Wata shida, ya haɗiye abokan zamansa. Shekara biyu, ba ya iya juyawa a akwatin. Maigida ya buga waya gidan kallon kifi na birni, a ce masa sun cika da irinsa. Sai ka ga mutum da daddare ɗauke da baho, ya nufi gada, zuciyarsa cike da tausayi, zai 'yanta bawa.

'Yantattun nan kuwa ba su ba ka kunya ba. Kifin nan mai sulke mai bakin tsotso, wanda kake sayarwa a matsayin mai sharar gilashi, yanzu ya zama ɗan ƙasa a nahiyoyin da kakanninsa ba su taɓa mafarki ba. A madatsar ruwan Infiernillo ta Meziko, masunta da ke rayuwa da karfasa sun koma jawo koma cike da shi, ƙayarsa na yayyaga zare, har suka sa masa suna kifin shaiɗan. A kogin Marikina na Filifin haka. Yana haƙa ramuka a gaɓa har ta zabtare. Masana sun ce nau'i biyu ne aka fi saki, ana bambance su da ciki: pardalis ɗige-ɗige, disjunctivus zane kamar sawun tsutsa. Da suka je ƙirga a ƙasashen da ya mamaye, sai suka riƙa samun masu ɗigo a ƙirji da zane a mara. Haɗin kan da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kasa kawowa tsakanin mutane, ga shi ka kawo shi a cikin laka ba tare da taro ko ɗaya ba.

Jamusawa, da yake su mutane ne masu son tsari, sun so su kawo maka cikas. A 1988 wata mujallarsu ta masu kiwon kifi mai suna DATZ ta ɓullo da lambobi masu farawa da harafin L, domin kifaye masu sulke da ke shigowa daga Kudancin Amurka tun masana ba su raɗa musu suna ba. Kowane sabon kifi a ɗauki hotonsa, a rubuta kogin da aka kamo shi, a ba shi lamba. Daga baya aka yi wa ƙananan kifayen Corydoras irin wannan da harafin C. Niyyarsu wai kowa ya san abin da ke akwatinsa. Ba su san da wa suke yi ba. Lamba ai ta fi suna sauƙin mannawa. L66 da L333 duka masu zanen fari da baƙi ne, 'yan kogin Xingu, kuma in an zuba su wuri ɗaya sukan hayayyafa da juna. Abin da ya fito, sai ka duba wace lamba ce ke da tsada a wannan watan. Ɗan ƙaramin mai ƙasumba kuwa, Ancistrus ɗin da babu shagon da ba shi, an juya shi an sake juyawa har masana sukan rubuta shi da rabin suna, sunan zuriya kawai, su bar gurbin sunan uba. Kifin da ya cika gidajen mutane, kuma babu kogin da zai ce nasa ne. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, an sha gumi kafin a kai nan.

Akwai wasu mutane masu ƙunci, dole in ambace su don a san irin ƙiyayyar da kake haƙuri da ita. Su ne masu ware kowane nau'i a akwatinsa, masu rubuta sunan kogi a jikin gilashi, masu ƙin karɓar kifi in ba a san iyayensa ba. Hujjarsu ita ce L46, ɗan kifin nan mai zanen jakin dawa da aka raɗa wa Hypancistrus zebra a 1991. A duniya kaf ba a samun sa sai a wani lanƙwason kogin Xingu mai duwatsu da ruwa mai gudu. Brazil ta hana fitar da shi a 2004, daga baya kuma aka gina madatsar Belo Monte, wadda ta fara aiki a 2016, ta karkatar da yawancin ruwan da ke bi ta wannan lanƙwaso. Sai masu ƙuncin nan suke cewa wata rana akwatunan gilashi za su iya zama rumbun iri na ƙarshe ga irin waɗannan kifaye, kuma manomi ba ya gauraya irin gero da na dawa a rumbu ɗaya. Ka ji tsoro irin na matsorata. Su suna tanadin gobe, kai kuwa jarumi ne, gobe ba ta taɓa ba ka tsoro ba, tunda ba ta biyan la'ada. In kogi ya ƙafe, kifin asali ya ƙare, ai sunansa na nan, kuma kana da injin buga takarda. Jikokinmu za su ga zebra ko ta halin ƙaƙa, ko da kuwa zanen ya ɗan karkace.

Mu ma nan gida ba a bar mu a baya ba, ko da yake har yanzu muna koyo. Masu ƙyanƙyasar kifi a Najeriya sun san allura da kwano sarai, sun san yadda ake farke namijin tarwaɗa a ciro abin da ake buƙata. Suna haɗa tarwaɗa, Clarias gariepinus, da ramboshi, Heterobranchus, don a sami mai saurin girma mai juriya. Gane shi ba wuya: tarwaɗa fiffiken bayanta dogo ne har jela, ramboshi nasa gajere ne sannan ga babban fiffiken kitse a bayansa, ɗansu kuma ya ɗebo nan ya ɗebo can, dogon fiffike da ɗan guntun kitse. Sai dai manomin namu yana da rauni biyu da ba ka da su. Na farko, ciyar da mutane yake yi, wanda kowa ya san bai kai ƙawata falo daraja ba. Na biyu, sau da yawa yakan yi sake ya gaya wa mai saye cewa haɗi ne. Abin da ya rage masa na fata shi ne ambaliya. A shekara irin 2012 da 2022, da ruwa ya shanye gonaki, kududdufan kiwo da koguna sun zama abu ɗaya, kuma kifi ba ya tsayawa neman izini a bakin gaɓa. Tailan ta riga mu nisa a wannan fanni. Tun ƙarshen shekarun 1980 aka haɗa tarwaɗarsu ta gida da tamu ta Afirka, haɗin ya mamaye gonaki, har masu bincike suka tarar da jinin baƙuwar a jikin 'yan gida da ke cikin daji. Tarwaɗarmu ta je ci-rani ta kafa zuri'a, ko fasfo ba ta nema ba.

Wanda na fi taya murna shi ne tsohon masunci. Ka same shi a bakin ruwa a Yawuri ko Nguru, ka zube masa kwandon kifi, zai ware maka su tun ba ka gama sallama ba: wannan na cikin duwatsu ne, wannan na laka, wannan ba ya zuwa sai ruwa ya fara ja, wancan a yi hankali da ƙayarsa. Bai san Cuvier ba, amma a wurin ubansa ya koya, uban kuma a wurin nasa uban, kaya ne mai nauyi da aka daɗe ana ɗora wa yara tun suna riƙe da gora. Albarkacinka, ranka ya daɗe, nan gaba za a sauke musu. Jikansa ba zai sha wahalar haddace komai ba. In ya jawo koma aka tambaye shi mene ne wannan, zai ce kifi, kuma babu farfesan da zai iya ƙaryata shi.

Saboda haka nake roƙon masu naɗi, a duba lamarin wannan bawan Allah. An naɗa Sarkin Ruwa, an naɗa Sarkin Kasuwa, an naɗa Sarkin Dillalai, amma babu rawanin da ya kai girman kan da ya haɗa Tanganyika da Kwango a kwanon roba. A tara jama'a, a buga tambari, a kawo alkyabba mai ɗigo a ƙirji da zane a baya. A jera akwatunan gilashi hagu da dama, talakawansa masu gashin baki su yi masa jinjina da fiffiken da ba na uwa ba ba na uba ba. Magatakarda ya kawo takardar naɗi ya cika komai, kwanan wata da hatimi da sa hannun shaidu. Gurbin suna kaɗai za a bari, shi zai rubuta da hannunsa mai albarka idan ya gama duba wanda ke ci a kasuwa wannan makon.